Muhimmancin Ɗakin Gwaje-Gwaje a Binciken Kimiyyar Ruwa: Misali daga Magudanar Nima da Maamobi a Birnin Akra

1.0 Gabatarwa

A daren Laraba, 3 ga watan Yuni na shekarar 2015, an yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a Akra, babban birnin ƙasar Gana. Kogin Odaw ya cika ya tumbatsa, ruwa ya mamaye shataletalen Kwame Nkrumah da unguwannin da ke kewaye da shi. Jama'a da dama suka fake a wani gidan mai da ke wurin. Man da ya tsiyayo ya bi saman ruwa, wuta ta kama, mutane fiye da 150 suka rasa rayukansu. Gwamnati ta ware kwana uku na zaman makoki a ƙasar baki ɗaya.

Bayan irin wannan masifa, tambayoyin da kan biyo baya su ne: ruwa nawa ya zubo? Nawa ne ƙasa ta shanye, nawa ya malale? Shin magudanar ce ta yi kaɗan, ko kuwa cikewa ta yi da yashi da shara? Idan za a sāke gina ta, wane faɗi da wane zurfi ya kamata a ba ta? Ba a amsa waɗannan tambayoyi da ka. Ana amsa su ne da alƙaluma, kuma yawancin ƙa'idojin da ake fitar da alƙaluman da su an samo su ne a ɗakin gwaje-gwaje. Wannan takarda za ta bi sawun ruwa daga lokacin da ya sauka a kan rufin kwano a Nima har ya isa teku, tana nuna irin gwajin da ya dace da kowane zango na tafiyarsa, da kuma inda ikon gwajin ya ƙare.

2.0 Kimiyyar Ruwa da Hanyoyin Bincikenta

Kimiyyar ruwa fanni ne na ilimi da ke nazarin yadda ruwa yake zagayawa tsakanin sama da ƙasa: yadda yake tashi ya zama tururi, ya haɗu ya zama hadari, ya zubo, wani ya nutse cikin ƙasa, wani ya malale zuwa rafi da kogi da teku. Masana wannan fanni suna da hanyoyi uku na bincike. Ta farko ita ce awo a fili, kamar kafa ma'aunin ruwan sama ko auna tsayin ruwa a gindin gada. Ta biyu ita ce lissafi, wanda a yau kwamfuta ce take ɗaukar nauyinsa. Ta uku ita ce gwaji a ɗaki, wato ɗauko wani ɓangare na abin da ke faruwa a waje a shigo da shi inda mai bincike yake da iko a kansa.

Abin da ya bambanta hanya ta uku da sauran shi ne wannan iko. A fili, abubuwa da yawa suna sauyawa a lokaci guda: ƙarfin ruwan sama, da jiƙewar ƙasa, da yawan shara, da hawa da saukar teku. Idan ambaliya ta auku, da wuya a ce ga rabon kowanne a ciki. A ɗakin gwaji kuwa, ana riƙe komai a yadda yake, a sauya abu ɗaya tak, a ga sakamakonsa, sa'annan a maimaita har sai an tabbata. Hausawa kan ce sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wannan hanya tana da dogon tarihi. Mutanen dā sun ɗauka cewa ruwan sama bai isa ya ciyar da manyan koguna ba. A shekarar 1674, Pierre Perrault na ƙasar Faransa ya nuna ta hanyar awo cewa ruwan da ke zubowa a yankin da kogin Seine ya faro ya ninka wanda ke gudu a cikin kogin. A shekarar 1687 kuma, Edmond Halley na Ingila ya zuba ruwan gishiri a faranti, ya ɗumama shi daidai zafin lokacin bazara, ya auna nauyin da ya ragu. Da wannan ɗan ƙaramin gwaji ya ƙiyasta tururin da ke tashi daga Bahar Rum, ya nuna cewa ya isa ya mayar wa koguna ruwansu.

3.0 Nima da Maamobi da Kogin Odaw

Nima da Maamobi suna cikin manyan zanguna na birnin Akra, inda Hausa take matsayin harshen kasuwa da na cuɗanya tsakanin kabilu daban-daban. Nima ta faro ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili daga wani gida na mutanen Osu domin kiwon shanu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu jama'a suka yi ta kwararowa daga arewacin Gana da maƙwabtan ƙasashe, har wurin da yake makiyaya a dā ya zama ɗaya daga cikin unguwanni mafi cunkoso a birnin.

A tsakanin unguwannin biyu akwai wani rafi da ya koma babbar magudana. Mazauna wurin kan kira ta gota, wato abin da Bakano zai kira kwata ko lambatu. Tana gangarawa ta Paloma da Asylum Down, ta faɗa kogin Odaw a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah. Shi kuwa Odaw yana tasowa ne daga tsaunukan Akwapim a arewacin birnin, ya ratso ta Achimota da Alajo da Agbogbloshie, ya shiga tafkin Korle, daga nan sai teku. Faɗin ƙasar da ke zubar da ruwanta cikin wannan kogi ya kai kimanin murabba'in kilomita 270. Irin wannan yanki shi za a riƙa kira farfajiyar kogi a wannan takarda.

Abin lura shi ne, Akra ba gari ne mai yawan ruwan sama ba. Abin da take samu a shekara bai cika wuce milimita 800 ba, wato ya ɗan ɗara rabin abin da Kumasi take samu. Tana da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, da ƙarama a wajen Satumba zuwa Nuwamba. Matsalar ita ce ruwan yakan zubo da ƙarfi cikin 'yan sa'o'i, a kan ƙasar da gine-gine suka rufe.

4.0 Gwaje-Gwajen da Suka Shafi Tafiyar Ruwa

4.1 Ruwan da Ke Nutsewa da Wanda Ke Malala

Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. Ke nan idan aka yi ruwa na milimita 50, rufin gida mai faɗin murabba'in mita 100 zai zubar da lita 5,000. Wannan ya kai jarka 200 mai cin lita 25, irin rawayar jarkar nan da mutanen Akra suke kira galan ɗin Kufuor. A murabba'in kilomita ɗaya kuwa, lita miliyan 50 ke nan. Tambayar ita ce, kashi nawa na wannan ruwa zai isa magudana?

Domin amsa ta, akan yi amfani da na'urar kwaikwayon ruwan sama. Akan cika akwati da ƙasa, a karkata shi daidai gangaren da ake so, a rataye bututu mai feshi a samansa. Mai bincike ne yake zaɓar ƙarfin ruwan da girman ɗigonsa. A bakin akwatin akwai mazubi da ke tara ruwan da ya malale, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani da ke tara wanda ya nutse. Daga nan sai a riƙa sauya abu ɗaya bayan ɗaya: yau ƙasa mai ciyawa, gobe ƙasa tsirara, jibi ƙasar da aka daddaɓe, gata kankare.

Irin waɗannan gwaje-gwaje sun tabbatar da abin da Robert Horton na Amurka ya bayyana a shekarun 1930, cewa busasshiyar ƙasa tana shan ruwa da sauri a farko, sa'annan shan ya yi ta raguwa har ya tsaya a wani ƙaramin mizani. Duk ruwan da ya zubo fiye da wannan mizani malalewa zai yi. Sun kuma nuna cewa manyan ɗigogi, waɗanda saurin faɗowarsu yakan kai mita 9 a daƙiƙa, suna farfasa ƙasar da ba ta da ciyawa, ɓurɓushinta ya toshe ƙofofin da ruwa yake bi, ta yi ɓawo. Ƙasar da ƙafafun jama'a suka daddaɓe, kamar ta lungunan unguwa, ba ta da nisa sosai da kankare wajen ƙin shan ruwa.

Littattafan injiniyoyi sun tattara sakamakon irin wannan awo. A fili mai yashi da ciyawa, abin da ke malalewa bai cika wuce kashi 20 cikin ɗari ba. A kan kwano da kwalta da kankare kuwa, yakan kai kashi 70 zuwa 95. Idan aka koma ga lita miliyan 50 ɗin nan, makiyaya za ta tura wa rafi lita miliyan 10, amma cunkusasshiyar unguwa mai kashi 80 za ta tura lita miliyan 40, kuma cikin ɗan lokaci. Ke nan ko da yawan ruwan sama bai ƙaru ba daga zamanin Malam Amadu Futa zuwa yau, abin da rafin Nima yake karɓa ya ninka.

4.2 Tafiyar Ruwa a Ƙarƙashin Ƙasa

Ruwan da ya nutse bai ɓace ba. Yana ci gaba da tafiya a hankali ta tsakanin ƙwayoyin ƙasa, kuma shi ne ake tararwa idan an haƙa rijiya ko an yi burtsatse. Tun da ido ba ya ganin wannan tafiya, a ɗakin gwaji aka gano ƙa'idarta.

Henry Darcy injiniya ne da ya samar wa birnin Dijon na Faransa ruwan famfo. Yana neman sanin yadda yashi yake tace ruwa, sai ya kafa bututun ƙarfe mai faɗin santimita 35 a tsaye, ya cika shi da yashin kogi, ya riƙa tura ruwa ta sama yana auna wanda ke fita ta ƙasa. Ya sauya kaurin yashin, ya sauya ƙarfin turin ruwan. A shekarar 1856 ya buga sakamakon: idan aka ninka bambancin tsayin ruwa tsakanin mashiga da mafita, ruwan da ke wucewa zai ninka; idan aka ninka kaurin yashin, zai ragu da rabi; kuma kowace irin ƙasa tana da nata mizanin barin ruwa ya ratsa ta. Wannan ita ake kira ƙa'idar Darcy, kuma a kanta aka gina ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Har gobe ana maimaita wannan gwaji. Akan ɗebo ƙasa daga wurin da ake bincike, a busar da wani ɓangare a tanderu mai zafin digiri 105 na tsawon kwana guda domin a san ruwan da ke cikinta, a tankaɗe ta da jerin rariya domin a raba tsakuwa da yashi da laka, sa'annan a tura ruwa ta cikin wani ɓangaren. Bambancin da ake samu yana da girman gaske. Mizanin tsakuwa yakan kai ɗaruruwan mitoci a rana, na yashi daga mita ɗaya zuwa gomomin mitoci, na yumɓu kuwa ba ya kai milimita ɗaya.

Amfanin wannan ga mazaunin zango a fili yake. A unguwar da masai da rijiya suke kusa da juna saboda ƙarancin fili, irin ƙasar da ke tsakaninsu ce take nuna ko ƙazanta za ta isa rijiyar cikin 'yan kwanaki, ko kuwa za ta daɗe a hanya har ƙwayoyin cutar su mutu.

4.3 Gudun Ruwa a Cikin Magudana

Idan ruwa ya shiga magudana, abubuwa uku ne suke ƙayyade yawan da za ta iya ɗauka: girmanta, da gangarenta, da kaushin jikinta. Ana nazarin waɗannan a magudanar gwaji, wato wani dogon kwararo mai bangon gilashi, wanda ake iya ɗaga kansa ko a sauke. Famfo yana zagayo da ruwa a ciki, mai bincike kuma yana tsaye a gefe yana kallon abin da ba zai taɓa gani ba a cikin gurɓataccen ruwan ambaliya.

Darcy da mataimakinsa Henry Bazin sun yi irin wannan gwaji a kusa da Dijon, inda suka riƙa shimfiɗa wa kwararo siminti, da katako, da bulo, da tsakuwa, suna auna saurin ruwa a kan kowanne. An buga sakamakon a shekarar 1865. Robert Manning na ƙasar Ayalan ya yi nazarin waɗannan alƙaluma da wasu irinsu, ya gabatar da ƙa'idarsa a shekarar 1889. Ita ce injiniyoyi suke amfani da ita a yau wajen fitar da faɗi da zurfin magudana. A cikinta, kowane irin bango yana da lambar kaushi. Ta sumul ɗin kankare ita ce kimanin 0.013, ta ramin ƙasa mai duwatsu da ciyawa kuwa kimanin 0.035. Ma'ana, idan magudanu biyu suna da girma ɗaya da gangare ɗaya, ta ƙasar ba za ta ɗauki ko rabin abin da ta kankaren take ɗauka ba.

Ƙa'idar ta kuma bayyana wani abu da hankali ba ya saurin kawowa. A ɗauki misalin magudana mai faɗin mita 6 da zurfin mita 3. Idan yashi ya cike rabin zurfinta, mutum zai zaci rabin ƙarfinta ne ya tafi. Lissafi ya nuna cewa abin da ya rage bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, domin ruwa marar zurfi ya fi gogar bango da ƙasa, saboda haka gudunsa ya fi raguwa. Wannan kuwa tun kafin a sa kaushin yashi da tarkace a lissafi.

4.4 Yashi da Laka da Shara

Daga ina yashin yake zuwa, kuma me ya sa yake kwanciya a inda yake kwanciya? G. K. Gilbert ya yi gwaji a kan wannan a Jami'ar Kalifoniya, ya buga sakamakon a shekarar 1914. Albert Shields kuma ya yi nasa a birnin Balin na Jamus, ya buga a shekarar 1936. Abin da akan yi shi ne a shimfiɗa yashi mai girman ƙwaya ɗaya a magudanar gwaji, a riƙa ƙara gudun ruwa kaɗan-kaɗan har a ga lokacin da ƙwayoyin suka fara motsi. An gano cewa kowane girman ƙwaya yana da ƙarfin ruwan da ke iya ɗaga shi. Da zarar ƙarfin ya gaza, sai ruwa ya ajiye kayansa. Saboda haka ne injiniyoyi suke ƙoƙarin kada gudun ruwa a magudana ya gaza kimanin santimita 60 zuwa mita ɗaya a daƙiƙa, domin ta riƙa wanke kanta.

Wannan ya yi daidai da yanayin Odaw. A can sama, inda gangare yake da ƙarfi, ruwa yana kwasar ƙasa daga hanyoyin da ba a shimfiɗa wa kwalta ba da filayen da ake gini. Idan ya iso shimfiɗaɗɗen wuri kusa da tafkin Korle sai gudunsa ya mutu, musamman lokacin da teku ya hau ya tare masa mafita. A nan yashi yake kwanciya, kogin ya cike, ruwan magudanu irin ta Nima ya rasa inda zai zuba, ya koma baya. Shi ya sa yasar kogi ba aiki ne da ake yi sau ɗaya a huta ba. Muddin ƙasa tana zaizayewa a sama, za a ci gaba da kwasar ta a ƙasa.

Shara kuma tana da nata hali. Leda da robar ruwa ba sa nutsewa kamar yashi. Suna bin saman ruwa har su sami abin maƙalewa, kamar ƙafar gada ko bakin kwalbati. Gwaji a kan tarkace masu iyo ya nuna cewa da zarar manya sun maƙale, sai su tare ƙanana, har su zama shinge da ke ɗaga ruwan da ke bayansa.

4.5 Ƙaramin Samfuri

Wani lokaci ƙa'ida kaɗai ba ta wadatarwa, musamman a inda magudanu biyu suka haɗu, ko a kwana, ko a ƙarƙashin gada. A nan akan gina ƙaramin samfurin wurin a ɗaki, a saki ruwa a ciki. Sai dai rage girman abu ba ya nufin rage komai da mizani ɗaya. William Froude na Ingila, wanda ya yi gwaji da ƙananan jiragen ruwa a shekarun 1870, shi ne ake jingina wa ƙa'idar da ake bi. Idan aka rage tsawo da faɗi da zurfi sau 25, saurin ruwa sau 5 kawai za a rage shi, lokaci ma sau 5, amma yawan ruwan da ke wucewa sau 3,125. Ke nan ambaliya mai ɗauke da lita 100,000 a daƙiƙa za ta zama lita 32 a daƙiƙa a cikin samfuri. Da haka ake iya gwada siffar gada iri uku ko huɗu, a rushe a sāke, kafin a kashe kuɗin jama'a a kan ta gaske.

Samfuri mafi shahara shi ne na kogin Misisipi a Amurka, wanda aka fara ginawa a shekarar 1943 a fili mai faɗin kimanin eka 200. A cikinsa, abin da kogi yake yi a kwana guda ana ganinsa cikin minti biyar da 'yan daƙiƙoƙi. An yi amfani da shi wajen hasashen ambaliyar 1952, da kuma ta 1973. Daga baya kwamfuta ta karɓe yawancin wannan aiki saboda araha. Duk da haka ƙa'idojin da ke cikin kwamfutar daga ɗakin gwaji suka fito, kuma da sakamakon gwaji ake jarraba ingancin lissafinta.

4.6 Ingancin Ruwa

Ambaliya ba ta ƙarewa da janyewar ruwa. Ruwan magudana yana shiga rijiyoyi da fasassun bututun famfo. A shekarar 2014 Gana ta yi fama da annobar kwalara da ta kama kusan mutum 29,000, fiye da 240 suka rasu, kuma yankin Akra ne ya fi jin jiki. Ruwa ba ya tsami banza, amma sau da yawa gurɓataccen ruwa ba ya nuna alama ko a ido ko a baki. Ɗakin gwaji kaɗai ke iya tona shi.

Akan ɗebi mililita 100 na ruwan, a tace shi ta wata takarda mai ƙananan ƙofofi da ƙwayoyin cuta ba sa iya wucewa. A ɗora takardar a kan abincin ƙwayoyin, a ajiye a zafin digiri 44 na kimanin kwana guda. Kowace ƙwaya mai rai za ta hayayyafa ta zama ɗigon da ake iya ƙirgawa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha, domin samun ta alama ce ta cuɗanya da bayan gida. Domin auna ƙazantar ruwan kogi kuwa, akan rufe shi a kwalba, a ajiye a duhu a zafin digiri 20 har kwana biyar, a ga yawan iskar oksijin da ta ragu. Gwargwadon raguwarta, gwargwadon ruɓaɓɓun abubuwan da ke cikinsa.

Akwai kuma gwajin da ke gano asalin ruwa. Ruwan sama da na teku da wanda ya daɗe a ƙarƙashin ƙasa sun bambanta a yawan wasu nau'o'in oksijin da haidirojin masu nauyi. Da wannan ake bincika dalilin da ya sa rijiyoyi da yawa a filayen Akra suke ba da ruwan zartsi: shin teku ne yake kutsowa, ko gishirin da ke cikin ƙasa ne yake narkewa? Hukumar Makamashin Nukiliya ta Gana da ke Kwabenya tana gudanar da irin wannan awo. Cibiyar Binciken Ruwa ta ƙasar, wadda aka kafa a shekarar 1996 a ƙarƙashin majalisar bincike da aka fi sani da CSIR, ita ma tana da ɗakunan gwajin ingancin ruwa a Akra.

5.0 Inda Ikon Ɗakin Gwaji Ya Ƙare

Ƙarfin ɗakin gwaji shi ne sauƙaƙa al'amari, kuma nan ne rauninsa yake. Da farko akwai matsalar rage girma. Idan aka rage ƙwayar yashi mai milimita ɗaya sau 25, za ta zama garin laka mai danƙo, wanda halinsa ya saɓa da na yashi. Shi ya sa akan maye gurbinsa da niƙaƙƙen gawayi ko ƙwayoyin roba marasa nauyi. Na biyu, ƙasar da aka ɗebo aka zuba a bututu ta rasa ramukan tsutsa da na saiwa da tsagogin da ruwa yake bi a fili, saboda haka mizanin da aka samu a ɗaki yana iya bambanta ƙwarai da na waje. Domin rage wannan giɓi ne Jami'ar Arizona ta gina gangare uku a cikin rufaffen gini, kowanne mai tsawon mita 30 da faɗin mita 11 da ƙasa mai zurfin mita ɗaya, cike da na'urorin awo.

Na uku, kuma mafi muhimmanci ga Nima da Maamobi, ɗakin gwaji ba ya ɗauke da mutane. Lambar kaushin kankare ta dogara ne a kan cewa magudanar a share take. Gwaji zai iya faɗar abin da leda take yi wa kwalbati, amma ba zai faɗi dalilin da ya sa ledar ta isa can ba, wato ƙarancin wurin zubar da shara, da lungunan da motar kwasa ba ta iya shiga, da kuɗin da ake biya. Wannan sai an tambayi mazauna unguwa da sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa masu aikin gayya. Su ne kuma suka san inda ruwa ya kai a jikin bango a kowace ambaliya, kuma irin wannan shaida tana cikin abubuwan da masana suke gwada lissafinsu da su.

Ana iya ganin haɗuwar waɗannan hanyoyi a shirin GARID, wanda Bankin Duniya ya amince da ba shi dala miliyan 200 a shekarar 2019, ya ƙara miliyan 150 a 2023. Shirin ya mayar da hankali ne a kan farfajiyar Odaw. Abubuwan da aka tsara a cikinsa sun haɗa da yasar kogin, da sāke gina magudanar Nima daga Paloma zuwa Odaw, da kwasar shara, da tsarin gargaɗi kafin ambaliya, da inganta unguwannin Nima da Alogboshie da Akweteyman. A shekarar 2022 kuma majalisar dokokin ƙasar ta ɗaga tsohon sashen kula da magudanu da awon koguna ya zama hukuma mai cin gashin kanta.

6.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa kowane zango na tafiyar ruwa yana da gwajin da ya bayyana shi: akwatin ƙasa ga ruwan da ke malala, bututun Darcy ga wanda ke nutsewa, kwararon gilashi ga gudu da yashi, ƙaramin samfuri ga gada da mahaɗa, takardar tacewa ga ruwan sha. Aikin ɗakin gwaji shi ne ware dalili ɗaya daga cikin dalilai masu yawa, a ba shi adadi. Awon fili ne yake tabbatar da adadin ko ya gyara shi, kwamfuta kuma ta haɗa su ta yi hasashe. Magudanar da aka gina ba tare da waɗannan alƙaluma ba, ƙaddara ce kawai za ta sa ta wadatar. Wadda aka gina da su kuma aka bari ta cike da yashi, lissafin da aka yi a sama ya nuna yadda ƙarfinta yake zubewa.

Ɗalibin harshe yana da rabo a wannan aiki. Gargaɗin ambaliya da sakamakon gwajin rijiya ba su da amfani sai sun isa ga masu su cikin harshen da suke ji, kuma a zangunan Akra wannan harshe Hausa ne. Kalmomi irin su malala da nutsewa da kaushi da gangare da yasa da zartsi duk tsofaffi ne a bakin manoma da mahaƙa rijiya. Abin da ake bukata shi ne a tsayar wa kowacce ma'ana ɗaya idan ta shiga rubutun kimiyya, yadda mai karatu a Maamobi da mai karatu a Kano za su fahimci abu guda.